Labarin Sidni: Ƙaryar Da Muka Yaɗa Da Zaluncin Da Muka Ƙyale

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai wani labari da ya ƙi mutuwa a tsakaninmu tun shekarun annobar korona. Na fara jinsa a wani majalisi bayan sallar Magariba, na sake ganinsa a saƙon WhatsApp da ake turawa daga zaure zuwa zaure, daga baya kuma na ji shi a bakin wani mai wa'azi wanda nake ganin girmansa ƙwarai. Wai a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, ana tsakiyar annoba, hukumar birni ta garƙame masallatai ta hana Musulmi sallar Idi, sannan a daidai wannan lokaci ta buɗe tituna ta zuba kuɗi domin bikin 'yan luwaɗi da maɗigo. Duk inda aka ba da labarin nan sai ka ji salati ya tashi, zukata sun ƙuna, an watse ana tsinuwa. Ban taɓa jin wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a wane wata aka yi wannan?" ba.

Hukuncin Shari'a a kan ɗabi'ar da ake magana ba ɓoyayye ba ne ga masu karanta wannan mujalla, kuma ba shi ne abin da na zo tattaunawa ba. Abin da ya dame ni shi ne mu da muke kiran mutane zuwa ga hujja, mu da muke ƙin karɓar hadisi sai an tantance maruwaitansa ɗaya bayan ɗaya, mun wayi gari muna hawa mumbari da labarin da ba shi da isnadi ko na taro. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, don kada mu afka wa wasu mutane bisa jahilci. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuwa ta hana ƙiyayyar da muke yi wa wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Babu inda aka keɓe cewa waɗannan ayoyi suna aiki ne kawai idan wanda ake magana a kansa abokinmu ne. Bilhasali ma, a kan wanda ba ma so aka fi bukatarsu, domin ba a gwada adalcin mutum a kan masoyinsa.

To bari mu bi kwanakin wata, tunda su ba sa son kai.

Bikin da ake magana sunansa Mardi Gras, ana yinsa a Sidni tun 1978, kuma bisa al'ada jerin gwano ne a kan titin Oxford. Na shekarar 2020 an yi shi ranar 29 ga Fabrairu, wato kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris. A ranar babu masallacin da ke rufe. An rufe wuraren ibada a Ostareliya ranar 23 ga Maris 2020, kuma a rana guda aka rufe su tare da majami'u da mashaya da gidajen caca da gidajen silima. Daga tsakiyar Mayu aka fara buɗe su sannu a hankali.

Na shekarar 2021 shi ne wanda masu labarin ke nufi. An yi shi ranar 6 ga Maris, lokacin da jihar New South Wales, inda Sidni take, ta yi fiye da kwana 40 ba a sami wanda ya kamu da cutar a cikin gari ba. Duk da haka ba a yi jerin gwanon da aka saba yi a kan titin Oxford ba. An mayar da shi cikin filin wasan kurket na Sidni, kowa da tikitinsa da kujerarsa, 'yan kallo kimanin 36,000. Masu shirya bikin sun soke babban taron kasuwarsu na fili da babbar liyafar da suke yi bayan jerin gwanon. Kuma ba su aka fara bai wa wannan dama ba: tun Oktoban 2020 an bar mutane fiye da 37,000 sun kalli wasan ƙarshe na gasar zari-ruga a wani filin wasa na birnin. A wannan wata na Maris masallatan Sidni a buɗe suke, ana Juma'a da tazara tsakanin masallata. A watan Afrilu azumi ya kama, aka yi tarawihi a masallatai.

Idin da aka hana kuwa Babbar Sallar 2021 ce, ranar 20 ga Yuli, wata huɗu da rabi bayan wancan biki. A tsakani nau'in cutar da ake kira Delta ya ɓulla a tsakiyar Yuni, aka kulle birnin baki ɗaya daga 26 ga Yuni har zuwa 11 ga Oktoba. Ranar da Musulmin Sidni suka yi Idi a gidajensu, mashayan titin Oxford ma a garƙame suke. Wanda ya ɗauko hoton watan Maris ya manna shi a jikin hoton watan Yuli ya ce rana guda ce, ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani ya ɓoye. Na farko jahilci ne da bai dace da mai wa'azi ba, na biyun kuwa kowa ya san sunansa.

Akwai kuskure na biyu. Hukumar birnin Sidni, wadda Clover Moore take shugabanta tun 2004, ƙaramar hukuma ce mai iko da tsakiyar birni da unguwannin da ke kewaye da shi kawai. Ba ta da ikon rufe masallaci ko buɗe shi saboda annoba. Dokokin kulle na gwamnatin jiha ne, ministan lafiya na lokacin, Brad Hazzard, shi yake sa musu hannu. Unguwar Lakemba kuwa, inda babban masallacin Imam Ali bn Abi Ɗalib yake, kuma inda fiye da rabin mazauna Musulmi ne, tana ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma dabam mai suna Canterbury-Bankstown. Gaskiya ne hukumar birnin Sidni tana cikin masu tallafa wa Mardi Gras da kuɗi, ba ta kuma ɓoyewa. Amma wanda ya ba da tallafin dabam, wanda ya rufe masallatan dabam, lokutan ma dabam.

Insafi ya tilasta mini in kawo hujja mafi ƙarfi da masu wancan ra'ayi za su iya riƙewa, ko da yake ban taɓa jin sun kawo ta ba, domin sai wanda ya yi bincike zai san da ita. A Lakemba akwai kasuwar dare da ake ci a titin Haldon duk watan azumi, inda ake sayar da abinci har zuwa sahur. Ba a ci wannan kasuwa ba a 2020, ba a kuma ci ta ba a 2021, alhali an yi Mardi Gras makonni kaɗan kafin azumin. Wannan abu ne da ya cancanci tambaya, kuma 'yan kasuwar da suka yi asara suna da hakkin yin ƙorafi. Sai dai idan aka duba za a ga ma'aunin ɗaya ne: taron da ake iya ƙidaya mutanensa, a san inda kowa ya zauna, a iya nemo shi idan cuta ta ɓulla, an bar shi, taron titi wanda kowa ke shigowa ta kowace kusurwa, ba a yi shi ba. Titin Oxford ya rasa jerin gwanonsa, titin Haldon ya rasa kasuwarsa. Bambancin shi ne su waɗancan suna da ƙungiya mai ofis da ma'aikata, wadda ta zauna da hukuma tun watanni kafin lokacin ta fito da tsarin da aka amince da shi. Da annoba ta lafa, a 2022, kasuwar Lakemba ta dawo, kuma ƙaramar hukumar ce take rufe titi ta tsara rumfuna da tsaro da shara.

Wasu kuma suna cewa ai rufe masallaci saboda cuta shi kansa yaƙi ne da addini. Wannan magana tana ba ni mamaki idan ta fito daga bakin ɗalibin ilimi. Sayyidina Umar (RA) ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarga aka gaya masa annoba ta sauka a can, ya yi shawara da sahabbai ya juya da mutane, Abdurrahman bn Auf (RA) kuma ya zo da hadisin da ya ƙarfafa wannan mataki. Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu bn Jabal (RA), ba ta lafa ba sai da Amru bn Asi (RA) ya sa mutane suka warwatsu cikin duwatsu. Hafizu Ibnu Hajar, wanda shi kansa annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata, ya ba da labari a littafinsa Bazlul Ma'un cewa a shekara ta 833 mutanen Alƙahira sun yi azumin kwana uku suka fita fili suka taru domin roƙon a yaye musu annoba. Kafin fitarsu masu mutuwa a rana ba su kai 40 ba. Kafin wata ya ƙare sun haura 1,000. Ya kuma bayyana cewa irin wannan taro ƙirƙirarre ne, ba shi da asali a Sunna. A zamaninmu Saudiyya ta dakatar da jam'i a masallatai a Maris 2020, aikin Hajjin 2021 ma mutum 60,000 kawai aka amince wa, dukkansu mazauna ƙasar. Shin su ma saboda Mardi Gras suka yi?

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. An yi zalunci na gaskiya a Sidni a waccan shekara, ya kuma faɗa a kan unguwannin da Musulmi suka fi yawa, amma mu da muke da'awar kishinsu ba mu ambace shi ba ko sau ɗaya, domin mun bar jaki muna dukan taiki.

Cutar Delta ta fara ne a gabashin birni, yankin Bondi na masu hali da ke bakin teku, ta jikin wani direba mai jigilar ma'aikatan jiragen sama. An ɗauki kwana goma kafin a kulle birnin. Amma da cutar ta tsallaka yamma da kudu maso yamma, inda leburori da direbobi da masu aikin gini da baƙin haure suke, sai salon ya sauya. A mako na biyu na Yuli aka tura ƙarin 'yan sanda 100 zuwa Fairfield da Liverpool da Canterbury-Bankstown, har da mahaya dawaki, jirage masu saukar ungulu suna shawagi a kan gidaje. Aka wajabta wa ma'aikatan Fairfield masu fita aiki wajen yankinsu gwajin cuta duk kwana uku, mutane suka yi ta layi a motoci na sa'o'i, wasu tun cikin dare, ga aiki yana jiransu da safe. Daga baya aka hana mazauna waɗannan ƙananan hukumomi fita aiki wajensu sai wanda aka lissafa sana'arsa. A farkon Agusta aka shigo da sojoji 300. Ranar 23 ga Agusta aka ɗora wa ƙananan hukumomi 12 dokar hana fita daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba, alhali firimiyar jihar ta lokacin, Gladys Berejiklian, ta amsa da bakinta cewa hujjojin amfanin irin wannan doka sun saɓa wa juna. A ranakun nan jaridu suna buga hotunan mutane suna shan hantsi a bakin tekun Bondi.

Ku duba waɗanda abin ya shafa. Mai aikin ofis a gabas yana buɗe kwamfuta a ɗakinsa albashinsa ya shigo. Mai tuƙa babbar mota, da mai shara a asibiti, da mai jera kaya a rumbun ajiya, ba su da aikin da za su yi daga gida, kuma su ne suke ciyar da birnin da ke kallonsu a matsayin masu yaɗa cuta. Gidajensu cike suke, kaka da jikoki a rufi ɗaya, mutum ɗaya ya kamu gida duka ya kwanta. Tun a 2020 ma, tallafin albashi na gwamnatin tarayya mai suna JobKeeper, dala 1,500 ta Ostareliya duk mako biyu, bai haɗa da ɗalibai baƙi da masu bizar wucin gadi ba, kuma firaministan lokacin, Scott Morrison, ya ce wanda ba zai iya riƙe kansa ba ya koma ƙasarsu. Da yawa daga cikin waɗannan su ne masu wanke kwanuka da kai saƙon abinci a ƙananan shagunan unguwanni irin su Lakemba da Auburn. Masallatai da majami'u da ƙungiyoyin 'yan Sik ne suka riƙa raba musu abinci.

Su wa suka tsaya wa waɗannan mutane? Shugabannin ƙananan hukumominsu, irin su Khal Asfour na Canterbury-Bankstown da Frank Carbone na Fairfield, waɗanda suka fito suka ce an raba birni gida biyu. Ƙungiyar Musulmin Labanan mai kula da masallacin Lakemba ta buɗe wurin allurar rigakafi domin mutanen unguwa. Wata cibiyar lauyoyi masu kare talakawa a unguwar Redfern ta kai ƙarar tarar da aka ci mutane gaban Kotun Ƙoli ta jihar, kuma a Nuwamban 2022 gwamnati ta janye tara fiye da 33,000 saboda takardun ba su bayyana laifin da aka aikata yadda doka ta tanada ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan nasarori da aka samu ta hanyar ƙarya ko tsinuwa daga nesa. An same su ne da takarda da kwanan wata da haƙurin zama gaban alƙali.

Game da kasuwanci, abin da hukumar birnin Sidni ta yi abu ne da ya kamata a yaba, ko wane ne ya amfana. Ta yafe kuɗin da masu gidajen abinci ke biya don ajiye tebura a gefen hanya, ta ba su damar faɗaɗawa zuwa wuraren ajiye motoci tunda iska a waje ta fi aminci, ta sassauta haya ga masu shaguna a gine-ginenta. Wannan sassauci bai tambayi mai shago addininsa ba. Baturke mai gasa nama da Bapakistane mai shinkafa a tsakiyar birni sun shiga ciki kamar kowa. Tambayar da ta dace ita ce: don me tsakiyar birni mai tarin harajin manyan kamfanoni yake iya yin wannan cikin sauƙi, ƙananan hukumomin yamma masu yawan jama'a da ƙarancin kuɗi kuwa suna fama?

Za a ce mini: to ai da kuɗin harajin jama'a, har da Musulmi, ake tallafa wa wancan biki, shin ba za su yi magana ba? Za su yi, kuma suna yi. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2017 kan auren jinsi, ƙasar ta amince da kashi 61.6 cikin ɗari, amma mazaɓar Blaxland ta ƙi da kusan kashi 74, mazaɓar Watson wadda Lakemba ke ciki ta ƙi da kusan kashi 70. Sun faɗi ra'ayinsu, aka ƙidaya, aka rinjaye su, kuma ba wanda ya rufe musu masallaci saboda haka. Musulmin Ostareliya kashi 3.2 cikin ɗari ne kawai a ƙidayar 2021. Abin da yake kare su shi ne ƙa'idar da ta hana hukuma duba wane ne kai kafin ta ba ka izinin taro ko gini. Sun ɗanɗana abin da ke faruwa idan wannan ƙa'ida ta yi rauni: a garin Camden kusa da Sidni an kafe kawunan alade a filin da ake son gina makarantar Islamiyya a 2007, ƙaramar hukuma kuma ta ƙi ba da izini a 2008. Sun kuma ga amfaninta a garin Bendigo na jihar Victoria, inda ƙaramar hukuma ta amince da gina masallaci a 2014 ta tsaya a kan bakanta duk da zanga-zanga da barazana, har Babbar Kotun ƙasa ta ƙi sauraren masu adawa a 2016. Mu da muke zaune nesa, cikin rinjaye, muna zuga su su nemi hukuma ta riƙa zaɓen wanda za ta bari ya taru, mun taɓa tunanin wuyan wa wuƙar za ta fara hawa?

Akwai kuma kalmar "aminci" da hukumomin can suke yawan haɗawa da wannan biki, wadda wasunmu suke yi wa dariya. Tana da tarihi. A jerin gwanon farko na 1978 an kama mutum 53, wata babbar jarida ta buga sunayensu da adireshinsu da sana'o'insu, wasu suka rasa aiki da muhalli. Majalisar jihar da jaridar sun nemi gafara a 2016. Wani kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a John Sackar ya miƙa rahoto a ƙarshen 2023 kan kashe-kashen da ake zargin an yi wa irin waɗannan mutane tsakanin 1970 da 2010, da sakacin da aka yi wajen bincikensu. Musulmin da ya san nauyin jini a addininsa, ya kuma san cewa ba a bai wa ɗaiɗaikun mutane ko gungun matasa ikon hukunta kowa ba, ba zai ga abin dariya a nan ba. Mai wa'azin da yake cika zukatan samari da wuta da labarin da bai tantance ba, ya sallame su cikin dare, ya tuna cewa ba shi da iko a kan inda wutar za ta kama.

Na koma wurin ɗan'uwan nan mai wa'azi da waɗannan kwanakin wata a rubuce. Ya karɓa ya duba, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ustaz, ko da ba a rana ɗaya aka yi ba, ai manufar ɗaya ce." Na ce masa, "Malam, da wani ya kawo maka hadisi ya ce isnadinsa ƙarya ne amma ma'anarsa ta yi kyau, za ka karanta shi a kan mumbari?" Ya ce wannan dabam. Na tambaye shi ta ina ya bambanta, sai aka tayar da iƙama.